Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman falsafa na makarantun lise a arewacin Kamaru da masu duba aikinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Malamai, Allah ya ƙara muku daraja. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da 'ya'yanmu, tun daga Ngaundare zuwa Garwa, har Marwa da Kusuri. Mun san irin ajin da kuke shiga, mun san yawan kawunan da ke cikinsa da zafin watan Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano. Saboda haka ku karɓi wannan takarda a matsayin maganar gida, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ni mai sayar da yadi ne a Garwa. Na yi lise, wato makarantar sakandare, har ajin ƙarshe da ake kira tarminal, na kuma zauna gaban kawuna a zaure na ɗauki abin da ya sawwaƙa na littattafai. 'Yata ta fari ta zauna jarrabawar bak, ta kammala lise, bara, ƙanenta yana biye da ita. Amma ba da bakina kaɗai nake magana ba. Muna da majalisa bayan sallar isha'i, dukkanmu iyayen yara ne 'yan unguwa ɗaya: akwai tela, akwai mahauci, akwai direban babbar mota mai jigilar auduga, akwai limaminmu, sannan akwai wata gwaggo mai tuyar ƙosai wadda ba ta zama cikinmu amma saƙonta ba ya yankewa. Su suka ce in rubuta. Shekara uku ke nan muna tayar da maganar darasin falsafa, wanda yara ke kira filo, a taron iyayen yara. Kullum sai a ce mana za a duba, kuma ko sau ɗaya ba a kawo mana malamin darasin ya zauna da mu ba. A bana haƙurin wasu ya ƙare, har suka ce a rubuta takarda a nemi a cire darasin ɗungurungum. Na roƙe su su dakata in fara yi muku magana tukuna.

Bari in fara da dalilin da ya sa ban goyi bayan cirewar ba.

Shekara biyu da suka wuce wani saurayi mai tsabtar riga ya riƙa zagayawa a layinmu na kasuwa, yana cewa a zuba kuɗi a wata harka ta intanet, wata uku su ninka. Maƙwabcina ya zuba, ya karɓi ribar farko, ya nuna mini a wayarsa. Na riga na ware nawa. Da daddare ina lissafi 'yata ta kawo mini shayi, ta ga takardar, ta nemi izini ta yi tambaya. Ta ce, “Baba, me suke saye, me suke sayarwa?” Na ce ban sani ba, amma ga wane ya karɓa. Ta ce, “To kuɗin da ya karɓa, daga ina suka fito? In daga aljihun wanda ya shigo bayansa ne, ranar da aka daina shigowa wa zai biya na ƙarshe?” Ta ƙara da cewa malaminsu ya koya musu cewa mutum ɗaya ya samu ba hujja ba ce ta cewa kowa zai samu. Na mayar da kuɗina cikin akwati. Kafin damina ta faɗi saurayin ya ɓace, lambarsa ta daina shiga, maƙwabcina har yau bai gama farfaɗowa ba. Jarin shagona yana nan albarkacin tambaya biyu da wata yarinya ta koyo a ajinku, kuma ba zan manta muku wannan ba.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Tun daga 2014 mun ga abin da ya sami ƙauyukan bakin iyaka, su Kolofata da Fotokol, mun ga bama-baman da suka tashi a Marwa a watan Yulin 2015. Ba duk yaran da aka ja daji aka ja da bindiga ba. Wasu da magana aka ja su: a yanko aya a jefar da abin da ke gabanta da bayanta, a ce wa yaro hanya biyu ce kawai a duniya, ko kana tare da mu ko kai kafiri ne. Yaron da ya saba cewa “mene ne hujjarka, wa ya faɗa, a ina, kuma da gaske hanyar biyu ce kawai?” yana da wuyar ja. Haka nan saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, yau a ce an zuba guba a rijiya, gobe a ce rigakafi na hana haihuwa. Muna bukatar 'ya'yan da za su tsaya su auna magana kafin su tura ta gaba, kuma a duk darussan lise babu wanda aka ɗora wa wannan aiki kai tsaye sai naku.

To ga kukanmu.

Na farko, kuma shi ne mafi zafi: kuna koya wa yaro rushewa, ba ku tsaya kun ga ya gina ba. Ɗan wana yaro ne mai natsuwa, shi ke share masallaci ranar Juma'a tun yana ƙarami. Wata huɗu da shigarsa tarminal ya fara dawowa gida da jimloli. Ranar nan ya ce wa mahaifinsa wani Bajamushe mai suna Kal Marks ya ce addini abin sa maye ne ga talakawa. Wata ranar ya kawo wata magana ta Nitshe, shi ma Bajamushe, wadda bakina ba zai iya maimaitawa ba. Ya ce wa kakarsa duk abin da ta sani camfi ne, tsohuwar da ta goya shi. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa don kullum sai an tashi da gardama. Na zauna da shi na tambaye shi: Marks ɗin nan, a wace shekara ya faɗi haka, da wa yake, me ya faɗa kafin wannan jimlar? Bai sani ba. Bai san an buga maganar a 1844 ba, bai san mutumin yana duban halin talakawan Turai na zamaninsa ba ne, bai san akwai waɗanda suka mayar masa da martani ba. Jimla ɗaya aka rubuta masa a allo, ya kwafa, aka kaɗa ƙararrawa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ƙuƙumin nan ba yaron kaɗai ya ɗaure ba. Wana ya yi fushi ya cire ƙannensa mata biyu daga makaranta, ɗaya tana shirin zama BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Yau yaron ya dawo hayyacinsa, ya nemi gafarar kakarsa, amma 'yan matan nan ba su koma aji ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin yana cikin littafin da kuke koyarwa. Ni ma an karantar da ni Dekart, masanin falsafa Bafaranshe, kuma na koma na duba da girmana. Gaskiya ne a littafinsa na 1637 ya ce zai yi shakkar duk abin da za a iya shakka. Amma a kashi na uku na wannan littafin ya ce wanda zai rushe gidansa don ya sake gini, sai ya tanadi inda zai riƙa kwana kafin ginin ya tashi. Ya ɗora wa kansa ƙa'idoji na wucin gadi, ta farkonsu ita ce zai bi dokoki da al'adun ƙasarsa, ya riƙe addinin da aka rene shi a kai. Wato shi mai shakkar bai kwana a fili ba. Na duba littafin rubutun 'yata daga bango zuwa bango, shakkar tana nan shafi uku, maganar wurin kwanan babu ko layi ɗaya. Yaro ɗan shekara 18 ne ake miƙa wa gatari a watan Oktoba, a watan Yuni a ce masa sai wata rana. Wa zai zauna da shi a kan ɓaraguzan? Mu ne, kuma yawancinmu ba mu san ma me aka rushe ba.

Na biyu: yaranmu suna fita daga ajinku da zaton cewa tunani baƙo ne, a jirgi ya zo. Na san kuna karantar da Marsiyan Towa da Njoh-Mouelle, 'yan ƙasa ne, muna alfahari da su. Amma yaron Garwa ko na Marwa yana da wani gado wanda babu wanda ya nuna masa. Kusan duk wanda ya yi makarantar allo ya wuce zuwa littattafai ya karanta Ahalari, ya koyi alwala da ƙabli da ba'adi a cikinsa. Mutum nawa ne suka san cewa mai Ahalarin nan, Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, wanda ya rayu a ƙarni na 16, shi ne ya tsara waƙar Sullam a kan ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin auna hujja waɗanda asalinsu ke komawa ga Aristotal? A zaurukanmu ake karanta ta. Kuma a cikinta ya kawo saɓanin malamai a kan wannan ilimi ɓaro-ɓaro: Ibnus Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai cikakken hankali wanda ya san Alƙur'ani da sunna. Ashe gardamar da muke yi a majalisa a kan amfanin falsafa da illarta, an yi ta shekaru ɗaruruwa kafin a haife mu, kuma an yi ta da ladabi.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, da zai fara mana tauhidi daga littafin Sanusi, bai fara da komai ba sai hukuncin hankali guda uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Abin da hankali ba zai karɓi rashinsa ba, da abin da ba zai karɓi samuwarsa ba, da abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi. Yakan ɗaga buta ya ce, “Butar nan za ta iya zama tana motsi kuma tana tsaye a lokaci guda?” Mu ce a'a. Ya ce, “Wa ya gaya muku?” Mu yi shiru. Ya ce, “Hankalinku ne, ku riƙe shi.” 'Yan'uwanmu Fulani sun daɗe suna koyar da wannan karatu da Fulatanci, suna kiransa kabbe. Da na shiga tarminal malaminmu ya rubuta dokar rashin karo da juna a allo da Faransanci, na fi wata guda ban gane cewa butar kawuna ce ba. Da ya ce mana haka tun ranar farko, da rabin ajin sun farka.

Sannan ga Imam Gazali, wanda babu zauren da ba a ambaton sunansa. Shi da kansa ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi kusan wata biyu, har ya rasa abin da zai dogara da shi, kafin Allah ya yaye masa. Ya rubuta raddi mai zafi ga masana falsafa irin su Ibnu Sina, amma ya ce manɗiƙi da lissafi ba su da laifi, ya ma gargaɗi masu kare addini da jahilci. Bayan rasuwarsa a 1111, Ibnu Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba kuma malamin fiƙihun Malikiyya irin wanda muke bi, ya mayar masa da raddi. A nan kusa da mu, a ƙasar Sakkwato, jikan Shehu Usmanu, Abdulƙadir ɗan Tafa, ya yi rubutu a fannin hikima da falsafa a ƙarni na 19. Da ɗan wana ya san cewa Gazali ya shiga ramin da ya shiga kuma ya fito, da bai ɗauka cewa dole sai ya zaɓi ɗaya tsakanin hankalinsa da sallarsa ba. Iyaye ma da sun ji waɗannan sunaye a bakin 'ya'yansu, da ba su ɗauki filo a matsayin darasin fitar da yaro daga addini ba. Haka ake kiransa a unguwa, gara ku ji daga bakin masoyi.

Na san abin da wasunku za su ce, cewa Towa ya yi faɗa da masu tattara karin magana da al'adu su ce ga falsafar Afirka. Na yarda da shi a nan. Ba cewa muke yi ku jera karin magana a allo a yi ta tafi ba. Cewa muke yi ku ɗora su a kan ma'auni. Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shi ne kuma ya ce gani ya kori ji. To in babba ya ce ya hango, yaro kuma ya je ya gani da idonsa ba haka ba ne, wanne za a bi, kuma ta yaya yaron zai faɗa ba tare da ya zubar da girman babba ba? Wannan tambaya ce da kowane ɗalibinku yake rayuwa a cikinta kullum safiya. Ku ba su ita su yi awa biyu a kanta, ku ga ko wani zai yi barci.

Na uku: hadda. Darasin da aka ce na tunani ne ya koma darasin da aka fi haddacewa. Yara suna sayen 'yan takardun da aka kwafa a bakin makaranta, cike da maganganun mutanen da ba su san ko su wane ne ba, suna bitarsu kamar karatun allo. An koya musu ƙwarangwal ɗaya: kawo magana, kawo kishiyarta, sasanta su, ka yayyafa sunaye uku ko huɗu. Na tambayi 'yata bayan jarrabawa ko abin da ta rubuta shi ne ra'ayinta. Ta ce, “Baba, ra'ayi ba ya kawo maki.” Wannan amsa ta tsaya mini a rai. In yarinyar da ta ceci jarina da tambaya ta gano cewa a takardar jarrabawa gara ta ɓoye tunaninta, to akwai abin da ya karkace a wurin masu ba da maki. Kuma hadda tana haifar da wata cuta da muke gani a majalisu: saurayi mai iya kare kowace magana da kishiyarta, wanda bai yarda da ko ɗaya ba. Irin wannan ba a cin riba da shi a ciniki, ba a kuma sasanta rigima da shi.

Harshe ma yana ciki. Yaron da ke tunani da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko Larabcin Shuwa, aka ce ya yi iyo a cikin rubutun Kant, masanin falsafa Bajamushe, da aka fassara da Faransanci, yawanci kalmomin yake kamawa, ma'anar ta wuce da ruwa. Ba mu ce a canza harshen jarrabawa ba. Amma minti biyar da za a ce wa yara “wannan kalma, yaya za ku faɗe ta a gida?” ba zai rage komai daga manhaja ba.

Na ƙarshe gajere ne. Yaran da darasin ya shiga ransu har suka ce shi za su karanta a jami'a, ku gaya musu gaskiya tun da wuri cewa bayan koyarwa ƙofofin aikin ba su da yawa, kuma shiga makarantar horon malamai sai an ci gasa. Wanda ya zaɓa da idonsa buɗe, Allah ya ba shi sa'a.

Ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon kowane malamin falsafa ya zauna da iyayen ɗalibansa sau ɗaya a farkon shekara, kafin a shiga babin addini da na 'yanci, ya gaya mana da harshen da muke ji abin da za a karanta da dalilin karanta shi. In babu lokaci a taron iyaye, ga ranar falsafa ta duniya da UNESCO ta ware, Alhamis ta uku a watan Nuwamba. A buɗe mana ƙofa ranar, a gayyaci liman da fasto su zauna, yara su yi muhawara a gabanmu.

Muna roƙon kada a rubuta wa yaro wata jimla mai girgiza imani a allo sai an haɗa masa da zamaninta, da dalilin mai ita, da amsar da aka ba shi, duk a zama ɗaya. In lokaci ba zai isa ba, a bar ta sai ranar da zai isa.

Muna roƙon masu duba aikin malamai da masu tsara manhaja su buɗe wa Gazali da Ibnu Rushdi da Ibnu Khaldun da malaman manɗiƙi na ƙasashenmu wuri na sosai, kuma a sa wannan a cikin horon sababbin malamai a Marwa, don malamin da aka turo daga kudu ya san gidajen da ɗalibansa suka fito. Akwai malaman zaure a garuruwan nan da suka karanci Sullam, za su zo in an kira su da mutunci.

Muna roƙon a koyar da ladabin gardama kamar yadda ake koyar da gardamar: yadda ake saɓa wa babba, yadda ake cewa “na yi kuskure”, da sanin cewa ba kowace tambaya ake yi a gaban kwanon tuwo ba. Sokratis da kuke ba su labari, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, da cewa bai sani ba ya yi suna. Yaranmu sun ɗauko tambayarsa sun baro tawali'unsa a aji.

Muna roƙon a riƙa kawo misalai daga inda muke: mudun da aka bubbuga gindinsa, bashin da aka ci ba shaida, rabon ruwa tsakanin manomi da makiyayi a bakin Binuwai, saƙon da aka turo ba a san mai shi ba. Kuma a wurin gyaran takardu, yaron da ya gina hujjarsa da kansa a kan irin waɗannan ya fi wanda ya jera sunaye goma samun maki.

Na yi wa 'yan majalisarmu alkawarin cewa za mu jira zuwa ƙarshen zangon farko kafin a sake tayar da maganar waccan takarda. Ɗana zai shiga tarminal bana, ni zan kai shi da kaina ranar farko, kuma zan nemi ganin malaminsa na filo. Ina fatan zai ba ni kujera. Gwaggo mai ƙosai ta ce in ƙara muku da cewa jikarta ma tana ajin, kuma duk ranar da aka kira taron za ta sauke kaskonta ta zo.

Allah ya taimake ku, ya sa albarka a cikin aikinku. Wassalam.

Naku,
Wani uba mai sayar da yadi a Garwa, a madadin iyayen yara na majalisar unguwarmu.